Wankin EGR na Prius a wani gareji da ke Farin Gada: abin da na gani da abin da na biya

Motata Toyota Prius ce ƙirar 2012, 'yar Amurka, wadda na saya a ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun wannan shekara, lokacin da duk wani mai albashi ya koma lissafin lita kamar yadda uwargida ke lissafin mudun shinkafa. Ta yi mini hidima fiye da shekara guda ba tare da ƙorafi ba, sai da hunturun da ya wuce ya kankama a Jos sannan ta fito da wata ɗabi'a da ta hana ni sakewa. Idan na tashe ta da sassafe domin kai yara makaranta daga Unguwar Rogo, takan yi shirun da aka san haibirid, wato mota mai aiki da fetur da lantarki, da shi na 'yan daƙiƙoƙi, amma da zarar injin fetur ya kama sai gabanta ya ɗauki jijjiga da ƙwanƙwasa kamar ana dukan garwa da guduma, ya ɗan jima yana yi, daga nan ya lafa kamar ba a yi komai ba. Da rana, idan ta ɗumama, ba wanda zai ce tana da wani lahani. A lokacin agogonta yana nuna mil dubu 142 da 'yan kai, kuma babu wata takarda a cikin motar da ke nuna cewa mai ita na farko ya taɓa sa an buɗe wannan ɓangare.

Da fitilar gargaɗin inji ta kama, na fara kai ta wurin wani bakanike da na daɗe ina mu'amala da shi tun ina da tsohuwar motata. Ya kira mai kwamfuta, aka ga lambar P0401, wadda ma'anarta ita ce hayaƙin da ya kamata ya koma cikin inji ta hanyar EGR bai kai yadda ake buƙata ba. Ya kwance bututu guda, ya fesa maganin wanke kafireto a bakin bawul, aka goge lambar, ya ce mini an gama. Ya kuma ƙara da shawarar cewa idan ta dawo zai yanko ƙaramin faranti ya toshe hanyar gaba ɗaya, kamar yadda ya ce yana yi wa wasu motocin. Kwana tara fitilar ta yi a kashe. Jijjigar kuwa ko kwana ɗaya ba ta yi hutu ba.

Wani abokin aikina mai Lexus CT200h, wadda injinta ɗaya da na Prius ɗina, wato 2ZR-FXE mai lita 1.8, shi ne ya kwatanta mini wani gareji a Farin Gada da ya ce aikinsu ya fi karkata ga motocin haibirid. Wurin ba shi da wani kwarjini a ido: rumfar kwano ce mai ɗaukar mota uku, da kwantena guda da suke ajiye kayan aiki a ciki, sai benci ɗaya da ƙafarsa ta huɗu bulo ce. Abin da ya fara jan hankalina shi ne maigarejin bai yarda ya faɗi kuɗin aiki ba sai da ya yi wa motar tambayoyi irin na likita. Ya tambaye ni ko ruwan lagireto yana raguwa, ko ina ƙara baƙin mai tsakanin juye da juye, da kuma tsawon tafiyar da nake yi a kullum. Ya haska tocila a kan robobin ruwa guda biyu da ke ƙarƙashin bonet, ya nuna mini wadda ke sanyaya inji da wadda ke sanyaya na'urar lantarki, domin hanyoyinsu daban suke, sannan ya ɗauko wani kwalabe mai shuɗin ruwa ya ɗora a bakin robar injin yana zuƙo iskar ciki. Ya ce idan ruwan ya rikiɗe ya koma rawaya, to hayaƙin konewa yana shiga ruwan sanyaya, ma'ana gasket ɗin kan silinda ya riga ya ƙone. "Malam," in ji shi, "idan gasket ya tafi, wankin EGR ba zai dawo da shi ba, kuma ba zan karɓi kuɗinka a kan aikin da na san ba shi ne maganin ba." Ruwan bai sauya launi ba. Bai tsaya nan ba, sai da ya ce idan an cire fulogai zai zura ƙaramar kyamara ya duba saman fistin, domin fistin da ruwa ke ɗiga a kansa yakan yi fes kamar an wanke shi, ya bambanta da sauran.

Ga wanda bai san abin da ake magana a kai ba, EGR hanya ce da ke ɗebo wani kaso na hayaƙin da inji ya riga ya ƙona, ta sanyaya shi, ta mayar da shi cikin silinda tare da sabuwar iska. Wannan hayaƙi ba ya sake ci da wuta, saboda haka yana rage zafin konewa, wanda hakan ke rage iskar guba ta naitirojin da ke samuwa idan zafi ya yi yawa, yana kuma hana injin ƙwanƙwasa, yana taimakawa wajen tsimin mai. A Prius na wannan zubi, wanda aka yi daga 2010 zuwa 2015, hanyar tana da zango huɗu. Hayaƙin yana fara ratsa wata tukunyar ƙarfe da ruwan lagireto ke zagaye ta, wadda cikinta ƙananan ramuka ne jere kamar saƙar zuma. Daga nan ya isa bawul da ƙaramin moto na lantarki ke buɗewa da rufewa bisa umarnin kwamfutar motar. Sai ya bi ta wani gajeren bututu. A ƙarshe ya shiga manifol na shaƙar iska, inda yake rabuwa ta wasu ƙananan ƙofofi huɗu, kowace silinda da tata. Bakanikena na farko zango ɗaya kawai ya taɓa, kuma ko shi ɗin bakinsa ya tsaya.

Dalilin da ya sa haibirid ta fi saurin toshewa yana da alaƙa da abin da muke yabonta a kai. Injinta yana mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya guda, kuma ga mai gajerun tafiye-tafiye irin nawa, daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa ofis ta titin Bauchi, da ɗan leƙawa Taminus, sau da yawa ba ya kai ga cikakken ɗumi kafin a kashe shi, balle a gari mai tsayin kusan mita 1,200 da safiyar Disamba da Janairu ke sa mutum hura hannu. Ƙunƙunniyar hayaƙi tana haɗuwa da tururin baƙin mai da ke fitowa ta bawul ɗin PCV, wato ɗan bawul da ke fitar da tururi daga cikin inji zuwa manifol, da kuma damshi, sai su zama wani abu mai danƙo kamar kwalta. Abin da ya fi muni shi ne ƙofofin nan huɗu ba sa toshewa tare. Kwamfutar motar tana auna jimillar hayaƙin da ya wuce ne ta hanyar sauyin matsin iska a cikin manifol, ba ta san wace silinda ce ta samu rabonta ba, don haka silinda ɗaya tana iya yin watanni tana aiki da zafin da ya wuce na 'yan'uwanta alhali fitila ba ta kama ba. Kanikawa da masu irin wannan mota da dama suna danganta yawan ƙonewar gasket a wannan zubi da wannan rashin daidaito, kuma bayan abin da na gani da idona ban ga dalilin yi musu musu ba.

Kuɗin hannu ya ce naira 45,000, ban da kayan da za a saya. Na ga tsadarsa, na kuma faɗa masa haka, domin wancan na farko naira 5,000 ya karɓa har da mai kwamfuta. Bai rage ko kwabo ba, sai dai ya lissafa mini abin da kuɗin ya ƙunsa: tukunyar sanyaya, bawul, bututu, manifol, bakin totur, sauya PCV, da cire iska daga hanyar ruwa bayan an haɗa. Na ba da kafin alƙalami, na kuma roƙi a bar ni in tsaya in ga aikin, ya ce babu laifi muddin ba zan riƙa cewa a yi sauri ba.

Kafin a taɓa sifana, ya karɓi makullin motar ya sa a aljihun rigarsa ya kai kwantena, ya kuma sa aka cire kan batir ƙarami mai bolt 12 da ke cikin but ta hannun dama. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce, domin haibirid tana iya kasancewa a kunne shiru, injin ya tashi da kansa alhali hannun mutum yana ciki. Ya gargaɗi yaransa biyu, a gabana, cewa aikin EGR ba shi da wata hulɗa da wayoyin nan masu launin lemo da ke ɗauke da wutar babban batir, wadda ta haura bolt 200, don haka kada wanda ya jingina da su ko ya ɗora musu kayan aiki. A nan ne aka yi kuskuren farko na ranar, domin ƙaramin yaron ya mayar da murfin but ya rufe, ya manta cewa makullin murfin na lantarki ne kuma an cire batir. Sai da ya kwantar da kujerun baya ya rarrafa ciki ya buɗe ta ciki, ogansa yana tsaye yana kallonsa ba tare da ya ce uffan ba, wanda a ganina ya fi faɗa zafi.

Isa ga tukunyar sanyaya shi ne rabin wahalar aikin. Sai an cire hannayen waifa, da motonsu, da farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin gilashin gaba, sannan a samu sararin zura hannu bayan inji. Akwai wani noti guda a ƙasan tukunyar da ba a ganinsa sai dai a lalubo shi, kuma babban yaron ya shafe fiye da rabin sa'a a kansa, kuncinsa manne da bonet, idonsa a rufe, yana aiki da yatsu kawai. Sun matse tiyoyin ruwa da abin matsewa kafin su zare su, don haka ruwan da ya zube bai cika kofi biyu ba. Kowane noti da aka cire sai a jefa shi cikin gwangwanin da aka rubuta wa suna da alli, abin da ban taɓa gani ba a garejin da na saba zuwa, inda akan gama aiki a ga ragowar noti uku a ƙasa a ce ba su da amfani.

Da aka fito da kayan, maigarejin ya shimfiɗa kwali ya jera su, ya kira ni. Bututun da aka ce an wanke mini makonni biyu da suka wuce, ramin da ya rage a cikinsa bai fi kaurin ɗan yatsa ba. Ya miƙo mini tukunyar sanyaya ya ce in ɗaga ta saitin rana in leƙa. Ban ga ko ɗigon haske ba, baƙi ƙirin kamar an cika ta da garin gawayi an danna. Sannan ya juya manifol ɗin, wanda na roba ne, sai baƙin mai kusan cokali uku ya tsiyayo daga cikinsa. Ya ɗauki siririyar waya ya soka a ƙofofin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya: ta huɗu da ta uku sun karɓi wayar da ɗan ƙoƙari, ta biyu da ƙyar, ta ɗaya kuwa sai da ya murza kamar mai huda ƙwarya kafin wani dunƙule mai kama da busasshen kwalli ya faɗo. Gani ya kori ji. A nan na daina jin zafin naira 45,000.

Yadda suka yi wankin ya nuna sun san halin kowane ƙarfe. Tukunyar, da yake ƙarfenta mara tsatsa ne, sun toshe bakinta ɗaya, suka cika ta da ruwan zafi da sabulun cire maiƙo mai ƙarfi, suka bar ta ta kwana, washegari suka kai ta wurin wankin mota aka harba mata ruwa mai matsi ta kowane ɓangare, aka sake jiƙawa, aka sake harbawa, har sau uku, sai da ruwan da ke fitowa ya daina kama da shayi ba madara. Bawul ɗin kuwa ba su tsoma shi a komai ba. Sun raba moton lantarki da gangar jikinsa suka ajiye gefe, suka goge sauran da buroshi da feshi, domin gangar ta alminiyom ce, kuma soda mai ƙarfi da wasu ke jiƙa kaya a ciki tana cin alminiyom. Manifol ɗin an cire masa na'urar auna matsin iska kafin ruwa ya taɓa shi, aka bi ƙofofin da ƙananan buroshi irin na wanke kwalba, aka busar da komai da iskar kwamfureso. Da ya sake ba ni tukunyar in ɗaga wa rana, sai ga haske yana ratsowa ta kowane rami. Ga mai gaggawa, suna ajiye wata wankakkiyar tukunya da suka saya a kasuwar kayan gyaran mota ta Dilimi, su saka maka ita su riƙe taka, amma ranar da na je tana jikin motar wani.

Na tayar masa da maganar toshe hanyar da faranti, domin na ji mutane da yawa suna cewa a Najeriya ba wanda ke auna hayaƙin motarka, don haka wahalar ta mece ce. Amsarsa gajera ce. "Yallaɓai, kwamfutar motar nan an tsara ta ne da sanin hayaƙin yana shiga. Idan ka toshe, ita ba ta fasa lissafinta ba, kai ne ka ƙara wa injin zafi, fitila kuma ba za ta mutu ba." Na lura cewa toshewar da ƙunƙunniya ta yi wa motata ita ce dai toshewar da farantin zai yi, bambancin kawai shi ne wannan da kuɗina zan saya.

Sai dai garejin yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne ga wanda mota ɗaya gare shi. An ce mini kwana biyu, aikin ya ci uku, saboda ba su tanadi gasket na manifol da na bututu ba kafin su kwance, sai da aka buɗe sannan aka tura yaro Dilimi, ya dawo da wanda bai dace ba, aka sake tura shi washegari. Garejin da ya ce ya ƙware a kan waɗannan motoci ya kamata a ce irin waɗannan ƙananan kaya suna cikin kwantenarsa, ko aƙalla a gaya wa mai mota ya zo da su. Babu wurin zaman kirki, ƙurar hunturu kuma tana shigowa rumfar ta kowane gefe, ko da yake na yaba da yadda suka cusa tsumma mai tsabta a bakunan injin da ke buɗe suka lulluɓe shi da leda da dare. Da na karɓi motar na tarar da shatin hannu na baƙin mai a jikin rufin ciki ta baya, wurin da yaron ya rarrafa, kuma an mayar da hannun waifa na ɓangaren direba a karkace har yana bugun gefen gilashi. Rasit ma sai da na nema sau biyu, aka rubuta mini a takardar da aka yago daga littafin makaranta.

Kayan da na saya sun haɗa da gasket, da sabon PCV, da fulogai huɗu masu bakin iridiyom tunda an riga an cire farantin da ke tare hanyarsu, da galan ɗaya na ruwan sanyaya na Toyota mai launin hoda. A kan ruwan nan bai yi sassauci ba, ya ƙi a ƙara ruwan rijiya ko koren ruwan da ake sayarwa a bakin titi, ya ce famfon ruwan wannan inji na lantarki ne, ba bel ke juya shi ba, kuma ba ya son datti. Gaba ɗaya, da kuɗin hannu da kaya, abin ya tasam ma naira 130,000, fulogai ne suka ci kaso mafi girma. Wajen haɗawa ya ɗaure notocin manifol da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, saboda roba ba ta jure ɗaurin ganin dama. Daga nan ya sa motar a yanayin gyara, wanda ke hana injin mutuwa da kansa, ya bar ta tana aiki da hita a kunne har iskar da ta maƙale a hanyar ruwa ta fita, yana ƙara ruwa kaɗan kaɗan. A ƙarshe ya jona kwamfutarsa mai manhajar Techstream, ya umarci bawul ɗin ya buɗe mataki mataki alhali injin yana aiki a tsaye, sai injin ya fara tari yana neman mutuwa, wanda ya ce ita ce shaidar cewa hayaƙin yanzu yana isa inda aka aike shi. Kyamarar da ya zura tun farko ta nuna fistin huɗun duk launinsu ɗaya, babu wanda ruwa ya wanke.

Yau wata na huɗu ke nan. Jijjigar safe ta tafi tun washegarin ranar da na karɓo motar, a lokacin da sanyi bai ma sauka ba, fitilar kuma ba ta sake kamawa ba. Na je Abuja na dawo sau biyu, kuma a Hawan Kibo, inda a da nakan ji wani siririn ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan na taka totur, yanzu injin yana hawa da murya ɗaya. Shan mai, bisa lissafin da nake yi daga cika tanki zuwa cika tanki, ya tashi daga kimanin kilomita 15 a lita zuwa 18, sai dai ba zan jingina wannan duka ga wankin ba, tunda an sauya fulogai a rana guda kuma zafi ya shigo, injin yana saurin ɗumama.

Wanda ke da Prius na 2010 zuwa 2015, ko Prius v, ko CT200h, ko Auris haibirid mai wannan inji, wanda agogonsa ya haura mil dubu 100 kuma bai san tarihin motar ba, ina ganin wannan gareji ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya sayi gasket ɗinsa tun daga gida, ya ware kwana uku, ya kuma duba waifa da kujeru kafin ya bar wurin. Mai Prius na 2004 zuwa 2009, mai inji lita 1.5, ba shi da wannan hanya a motarsa, don haka kada wani ya karɓi kuɗinsa da sunan wanke ta. Maigarejin ya ba ni shawarar in riƙa yin juye da mai 0W-20 a kan kari, in riƙa ba motar doguwar tafiya ko da sau ɗaya a mako, ko zuwa Bukuru ne da dawowa, sannan in dawo a buɗe bututun a duba bayan mil dubu 50, ya rubuta adadin da fenti a cikin murfin akwatin iska. Ya kuma yi mini tayin saka wani ɗan gwangwani da ke tare tururin mai kafin ya isa manifol, a kan naira 25,000, wanda ake zubar da abin da ya tara a duk lokacin juye. Na ce ya bari sai an yi albashi. Waifar na koma sun gyara a cikin minti biyar ba su karɓi komai ba, shatin hannun da ke rufin kuwa har yanzu yana nan.